Awa shida a Sao Tome, da ƙwallon kokon da aka ƙwace min

Tunda na dawo hutu ban samu na sha ataya cikin kwanciyar hankali ba a bes ɗinmu na Aboabo a Kumasi, da na zauna sai wani ya ce Borga ba mu labarin jirgi, ina gamawa wani ya iso ya ce a sako daga farko shi bai ji ba. To ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kuma don Allah a daina ce min Borga. Borga shi ne wanda ya dawo daga Jamus da mota a kwantena, ni wanki da guga nake yi a cikin jirgin ruwa, tawul ɗin da obroni, wato Bature, ya goge jiki ya yar shi ne abincina.

Jirgin namu irin na yawon shaƙatawa ne, wato otal guda aka ɗauka aka ɗora a kan teku, da wurin cin abinci da wurin iyo da komai, yawancin fasinjojin kuma tsofaffin Turawa ne da suka ci fansho suka rasa inda za su kai kuɗi. Su suna sama suna shan iska, mu muna can ƙasa inda ko taga babu, injin wanki na ruri dare da rana, sai ka kwana uku ba ka ga rana ba in ba da gangan ka hau sama ba. Shi ya sa ranar da sunanka ya fito cikin masu izinin sauka, ranar sallah ce a wurinka.

Daga Cape Town muka taso, muka tsaya Walvis Bay a Namibiya, muka tsaya Luanda, duk ban sauka ba ina bakin aiki. Sai Sao Tome, daga nan kuma sai Tema inda kwantiragina zai ƙare in sauka gaba ɗaya. Gaskiya hankalina duk yana Tema, Sao Tome ɗin ko a taswira da aka ce in nuna da sai na yi lalube. Abin da nake so kawai rairayi da bishiyar kwakwa, in tsaya in ɗau hoto in tura wa 'yan Asawase su kwana da baƙin ciki.

Abokin tafiyata wani ɗan Nima ne da yake aiki a kicin, ya girme ni sosai kuma ya sauke farali, don haka Alaji nake ce masa, shi kuma Aboabo yake kirana kamar ba a yanka min rago ba. Mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a jirgin, sauran 'yan Filifin ne da Indiya da Indonesiya, in muna so mu yi gulmar oga a gabansa muke yi yana murmushi.

Da asuba na ji ƙarar sarƙar anga tana sauka, irin ƙarar nan da take girgiza gadonka. Ashe tsibirin ba shi da tasha mai zurfin da babban jirgi zai matsa, don haka can nesa da gaɓa muka tsaya a bakin wani lungun teku da suke kira Ana Chaves, aka sauke jiragen ceto, waɗannan masu ruwan lemo da kuke gani a rataye a gefe, su za su riƙa jigilar mutane. Na hau sama na leƙa. Kai! Kore shar daga bakin ruwa har sama, duwatsun sun shige cikin gajimare ba ka ganin ƙarshensu, mafi tsawon ya haura mita 2000. Garin kuma ɗan ƙarami a kwance a bakin ruwa. Ƙasar gaba ɗaya tsibiri biyu ce, Sao Tome da Principe, mutanenta duka ba su kai 250,000 ba, na ce wa Alaji ai Kejetia ranar jajibirin sallah ta kusa cinye su.

Dokar ita ce fasinja farko, ma'aikaci sai an rage. Muka yi ta jira har goma da rabi, kuma aka ja mana kunne ƙarfe huɗu da rabi kowane ma'aikaci ya kasance a cikin jirgi. Awa shida kenan har da tafiyar ruwa. Abu ɗaya da ya yi daɗi shi ne agogonsu ɗaya da na Ghana, babu lissafin ƙara awa ko ragewa. A cikin ƙaramin jirgin nan kuwa Alaji da ya shekara goma a teku ya ƙanƙame ƙarfe yana ta karanto Bismillahi majreha, na ce Alaji ai tun ɗazu muka tashi, ya ce rufa min baki Aboabo, babban jirgi daban wannan kwanon wanki daban.

Muna taka ƙasa direbobin tasi suka yo kanmu, motocinsu duk ruwan ɗorawa, sai dai yaren ne matsala, Fotugis suke yi, Turancinka na makaranta ajiye shi a aljihu. Allah ya taimake mu Alaji ya taɓa fataucin atamfa tsakanin Lome da Accra yana da ɗan Faransanci, muka samu wani dattijon direba da shi ma yake ɗan taɓawa. Kuɗinsu dobra sunansa, an ɗaure shi da yuro, yuro ɗaya dobra 24 da rabi kullum, kuma suna karɓar yuron hannu da hannu. Sidi kuwa na nuna wa direban takardar hamsin don tsokana, ya juya ta ya duba hotunan Big Six, jagororin 'yancin Ghana shida, ya miƙo min abata. Muka daidaita a kan yuro sittin yini guda. Na nuna masa agogo na ce ƙarfe huɗu a nan, huɗu, na ɗaga yatsu huɗu, ya yi dariya ya ce leve leve. Alaji ya tambaye shi me kenan, ya ce sannu sannu, haka suke rayuwa a nan. Ku riƙe kalmar nan za ta dawo.

Farko ya kai mu wani tsohon sansanin Turawan Fotugal a bakin ruwa, Sao Sebastiao, ginin 1575, yanzu gidan tarihi ne. Wanda ya san Elmina ko Cape Coast zai ga wannan kamar ɗan autansu ne, ƙarami, minti ashirin ka zagaye. A waje akwai manyan gumaka uku na dutse suna tsaye sun ɗaga ƙirji, na matsa na karanta sunayen sai na ga Joao de Santarem da Pero Escobar, na tsaya ina cewa a ina na san mutanen nan. Sai na tuna soshal sitadis na JHS, ai su ne a 1471 suka iso gaɓarmu wajen Shama suka ga zinariya ido ya raina fata, abin da ya jawo aka gina Elmina a 1482. Ashe mutanen ɗaya ne, su suka zo nan su suka je can. Abin da malaminmu bai faɗa mana ba, a farkon lamarin daga wannan tsibirin ake lodin bayin da aka kamo daga wajen Benin da Kongo a kai su Elmina a sayar wa 'yan kasuwar ƙasarmu da zinariya, su yi musu dako zuwa cikin ƙasa. Wato kafin a fara fitar da mutane daga gaɓarmu, shigo da su aka fara yi. Wannan ya tsaya min a rai, har muka shiga mota ina juya shi.

A ciki akwai sarƙoƙi da mari da kayan ɗakin masu gonaki, kujeru da farantai na alfarma, sai wani ɗaki na hotunan kisan Batepa na 1953, lokacin da gwamnan Fotugal ya so tilasta wa 'yan ƙasar aikin gonaki suka ƙi, aka kashe ɗaruruwa. Duk ranar 3 ga Fabrairu suna tunawa da su. Ba su samu 'yanci ba sai 12 ga Yuli 1975, wato Ghana ta riga su da shekara goma sha takwas. Alaji bai shiga ɗakin ba ya ce shi bai yi kalaci ba.

Cikin gari ba mu daɗe ba. Babban coci, fadar shugaban ƙasa mai fenti ruwan hoda da direba ya ce kar mu kuskura mu ɗaga waya, tsofaffin gidajen Turawa da fenti ya ɓaɓɓake kamar wasu na Adum ko Jamestown. A kasuwa kifi ne ko'ina, ɗanye da busasshe, ayaba kala kala, gwaza, da wasu 'ya'yan itace manya masu ƙaya ƙaya da sai ka runguma da hannu biyu. Muna cikin kutsawa sai na ji an ce salamu alaikum Alhaji, da Hausa raɗau. Hular Alaji ce ta tona mana asiri. Wani ɗan Garwa ne na Kamaru yana sayar da caja da murfin waya, murna kamar ya ga 'yan ɗakinsu, ya ce ku daga ina, muka ce Ghana, ya ce ikon Allah Bahaushe ko a wata aka je sai an tarar da shi ya kafa tebur. Shi ya gargaɗe mu ya ce in kun fita bayan gari kar ku taɓa nama, ku tsaya a kifi. Daga nan na bi layin Turawan jirginmu wani shago na sayi cakulan guda ɗaya na ƙasar don in kai wa madam tsaraba, kuɗin da na biya ba zan faɗa ba don tana iya karanta wannan, Alaji dai ya ce da Kingsbite ne, cakulan ɗinmu na Ghana, da na cika leda.

Muka ɗau hanyar kudu, teku a hagu daji a dama. Kowane rafi muka tsallaka mata ne cike suna wanki, suna bugun kaya a kan dutse, sun shanya a kan duwatsu da ciyawa har bakin kwalta, zannuwa kala kala kamar kasuwar 'yan atamfa. Ni da wanki ne sana'ata sai na ce direba ya rage gudu, Alaji ya ce kai ko a hutu ma sai ka nemo abokan aikinka. Aladu kuwa suna yawo a ƙauyukan kamar yadda awaki suke yi a Sawaba, nan na gane maganar ɗan Garwa. Yara in sun ga bas ɗin Turawa sai su bi da gudu suna dosi dosi, alewa suke roƙo, da suka leƙo motarmu suka ga baƙaƙe biyu ɗaya da hula sai suka yi shiru suka koma wasansu.

Ban san mun iso ba, hancina ne ya fara sani. Tagar mota a buɗe sai wani wari ya shigo, tsami tsami zaƙi zaƙi kamar ruwan tsami da ya haɗu da ruɓaɓɓen ayaba, wanda bai sani ba toshe hanci zai yi, ni kuwa wallahi tsigar jikina ce ta tashi. Koko ne ake ruɓarwa. Koko na buhu nake nufi, ba na Hajiya mai koko da ƙosai ba.

Yaran yanzu na Aboabo kun san Baba, mahaifina, a matsayin tsohon da yake zama ƙofar masallaci da rediyo, ba ku san ya fi shekara ashirin yana abusa a wajen Goaso ba. Abusa ga wanda bai sani ba, gonar ta wani ce, kai za ka yi sharar daji, ka yi feshi, ka tsinko, ka fasa, ka ruɓar ka shanya, in an auna an biya a kasa kuɗin uku mai gona ya ɗau biyu kai ka ɗau ɗaya. A cikin wannan kason guda aka yi mana kuɗin makaranta aka aurar da yayyena mata. Duk dogon hutu can ake tura ni, ni nake jan ganyen borodiye ana lulluɓe tsibin, a bar shi kwana biyar zuwa shida ana juyawa, in ka tura hannu ciki zafi kamar jikin mai zazzaɓi, sannan a baza a kan tabarmar gora a riƙa motsawa ana tsince tsakuwa har ya bushe ya riƙa ƙara in ka matsa. Ɓawon kuma mata su ƙona su yi toka ta sabulun salo. Wannan warin har a rigar sallar Baba yake zama. Shekara nawa rabona da shi, sai ga shi ya tare ni a tsakiyar teku a ƙasar da ko gaisuwarsu ban iya ba.

Wurin sunansa Agua Ize, irin manyan gonakin Turawan da suke kira rosa. Kar ku ɗauka gona ce irin tamu eka biyar ko goma, gari ne guda, da gidan maigida a kan tudu, da rumbunan ajiya, da layin dogo nasu na kansu wanda har yanzu ana ganin ƙarfen a cikin ƙasa, da wurin lodi a bakin ruwa, sai dogayen ɗakunan lebura a jere kamar kejin kaji. A saman tudu akwai tsohon asibitin gonar, gini na gani na faɗa mai matakala biyu da suka lanƙwasa suka haɗu a sama, yanzu rufi ya zube bishiya ta tsiro a cikin bango, amma mutane suna zaune a ciki, an raba ɗakuna da katako, an ɗaure igiyar shanya, yara na buga ƙwallo a inda ake kwantar da marasa lafiya. Turawan jirginmu sun zo da bas biyu suna ta ɗaukar hoto suna cewa kyau kyau, ni kam ban ga abin kyau a mutum ya kwana a ƙarƙashin rufin da zai iya faɗo masa ba, amma dai ni ma na ɗauka, kar in yi ƙarya.

Labarin da na ɗan tsinta daga bakin direba da abin da na sani tun da, daga Burazil aka kawo kokon nan waɗannan tsibiran wajen 1820, daga nan ya tsallaka Fernando Po, tsibirin da yanzu ake kira Bioko a Ikwatoriyal Gini, duk layi ɗaya suke a tekun. To a Fernando Po ɗin ne Tetteh Quarshie, maƙerin nan, ya je aiki ya dawo da iri a 1879 ya shuka a Mampong Akuapem. Tsohon irin nan mai santsin ɓawo da yake komawa ruwan ɗorawa in ya nuna, wanda Baba har gobe Tetteh Quarshie yake ce masa, shi na gani a rataye a jikin bishiyoyi a nan. Wato gidan kakan kokonmu na zo ban sani ba.

A farkon shekarun 1900 wannan ɗan tsibirin yana sahun gaba a duk duniya wurin fitar da koko, kuma da gumin wa? An ce an hana bauta, sai aka koma kwaso mutane daga Angola, daga baya Mozambik da Cape Verde, da sunan kwantiragi, a dangwala maka yatsa a takarda a sa ka a jirgi shikenan, da yawa ba su sake ganin gida ba. Da maganar ta fasu a Ingila, a 1909 Cadbury da wasu kamfanonin cakulan suka daina sayen kokon Sao Tome suka karkato wajenmu, zuwa 1911 Gold Coast ce ta ɗaya a duniya. Ka ga faɗuwar wani tashin wani. Kuma tashin nan shi ya jawo kakanninmu da 'yan arewa suka gangaro kurmi neman aikin lebura, wanda ya zo don goro ya tarar da koko, zangonni suka cika. Bayan 'yancinsu a 1975 Turawan suka tattara suka tafi, gwamnati ta karɓe gonakin, abin bai ɗore ba, yanzu ƙananan manoma ne suke haɗa kai suna yi a ƙungiyance.

Kalmar kwantiragin nan ta ɗan dake ni, don ni ma takardar da na sa wa hannu sunanta kenan, kuma fasfo ɗina a lokacin yana ofis a cikin jirgi ba a aljihuna ba. Na faɗa wa Alaji ya ce kai Aboabo ka cika tunani, kai ana biyanka da dala kuma jibi kana Tema kana cin waakye, kar ka haɗa kanka da bayin Allah. Gaskiyarsa ne. Amma akwai wata tsohuwa a zaune a ƙofar ɗaya daga ɗakunan leburan tana ɓare wake, direba ya gaishe ta ya ce mana 'yar Cape Verde ce, tana yarinya aka zo da iyayenta, ba ta taɓa komawa ba. Na durƙusa na gaishe ta da Hausa tunda duk ɗaya ne ba za ta ji Turancin ba ma, na ce sannu Iya, ta kama hannuna ta yi ta magana tana dariya ba haƙori, na yi ta cewa amin amin ban san ko addu'a take yi ba ko zagi.

Na bi warin har wurin da suke aikin. Su ba tsibi suke yi a ƙasa kamar mu ba, akwatunan katako ne a jere ana juye wa daga wannan zuwa wancan, shanyar kuma a ƙarƙashin rumfar leda saboda ruwan sama ba ya musu sallama. Na ɗebi ƙwaya na murza na fasa da haƙori na duba cikin, wani saurayi da ke juyawa ya tsaya yana kallona, ya gane wannan ba ɗan kallo ba ne. Na buga ƙirji na ce Ghana. Ya ce aaa Gana, kakawu! Ya ruga ya tsinko guda biyu nunannu, ya fasa ɗaya da adda bugu ɗaya, muka tsaya muna tsotsar farin nan mai zaƙi muna tofar da ƙwayar a cikin bokiti don ba a asararta, Alaji ɗan birni ya tauna tasa ya ɓata fuska, muka yi ta masa dariya ni da mutumin da ba ma jin yaren juna. Ɗayan na sa a jaka na ce wannan na Baba ne. Na ɗauki bidiyon komai, akwatunan, rumfar, bishiyoyin, tsohuwar, don babu netwok balle in kira shi.

A nan awa biyu ta tafi ban sani ba.

Saura duk a guje muka yi. Kusa da wurin akwai inda teku yake shiga wani rami a cikin baƙin dutse ya feso sama da ƙara, suna ce masa Boca do Inferno, da direba ya fassara wa Alaji cewa bakin jahannama kenan sai ya ja da baya ya ce a'uzu billahi, ni da ƙafata ba zan je in tsaya a bakin wuta a ɗau hotona ba. Wai a tatsuniyarsu mai gonar na farko a kan doki yake shiga ramin ya ɓullo a Fotugal. Muka ci gasasshen kifi da soyayyar ayaba a wata rumfa, na so in ɗanɗana miyarsu kalulu ta ganye da manja da busasshen kifi, matar ta ce sai mun jira, ba mu da lokacin jira. Muka yi alwala da ruwan gora muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan rairayi, waya ta nuna mana gabas, yara sun kewaye mu suna kallo. Rairayin da na taso dominsa kuwa minti goma na yi a kai, hoto uku na ɗauka, biyu Alaji ya sa yatsa a kamara.

Uku da kwata muka kama hanyar komawa, hadari ya haɗo lokaci ɗaya, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba mu yi nisa ba sai ji muka yi fuuu, taya ta baya ta sace. Direba ya fito a hankali, ya buɗe but a hankali, ya fito da safaya, ita ma ba iska. Na nuna masa agogo hannuna har rawa yake, uku da minti arba'in, mutumin nan ya dube ni ya dafa kafaɗata ya ce leve leve. Wallahi da ba don girmansa ba. Ku gane, fasinja in ya makara wani lokaci a ɗan jira shi, ma'aikaci in ya makara takardar gargaɗi ce, in jirgi ya tashi ya bar ka kuma aikinka ya tafi, ga ka a tsibiri ba fasfo ba yare, saura kwana biyu kwantiragina ya ƙare lafiya. Alaji da yake ce min na cika tunani shi ne ya fara salati da ƙarfi.

Direban dai ya fi mu sanin garinsu. Ya tsaya a tsakiyar titi cikin ruwan ya tare 'yan okada biyu, ya yi musu magana, muka biya shi kuɗinsa cif muka haye. Ban taɓa hawa mashin irin wannan ba ko a Tamale, ruwa na dukan ido, ramuka, kare ya gifta, Alaji a gabana babbar rigarsa ta cika da iska kamar lema ya dafe hula da hannu ɗaya. Huɗu da minti goma muka diro bakin ruwa jiƙe sharkaf, jirgin ceton yana shirin kwance igiya, ɗan Filifin ɗin da ke duba kati ya kalle mu ya girgiza kai kawai.

Na ɗauka an gama. Muna hawa babban jirgi aka sa jakata a na'urar bincike, sikiriti ya ce buɗe. Ya zaro ƙwallon kokon ya ɗaga shi kamar ya kama bam, ya ce ba a shiga da ɗanyen kayan gona, doka ce saboda ƙwari da cutar shuka. Na roƙe shi na ce na babana ne, tsoho ne manomi, na ce a ajiye min a firiza har Tema, ya ce ko kaftin ne ya zo da shi sai an karɓa. Ina kallo ya jefa shi a wata jar leda tare da mangwaron wata Baturiya. Dokar na san da ita kuma na san gaskiya ce, wanda ya ga yadda cutar kumburin reshe take sa a sare gona guda a ƙasarmu ba zai yi musu ba, amma ranar ban ci abincin dare ba. Na koma ƙasa na tarar da tawul ɗin duk waɗanda suka je yawo sun taru kamar dutse suna jirana.

Kwana biyu muna Tema. Ƙanina ya zo tarata, muka shiga bas a Circle, dare muka iso Kumasi. Da safe bayan an gama gaishe gaishe na zauna kusa da Baba a kan tabarma na kunna masa bidiyon. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya ce wannan ai Tetteh Quarshie ne, na ce shi ne Baba. Ya ga akwatunan ya ce ragwaye, ganyen borodiye ya fi ba da ƙamshi. Ya ga bishiyoyin ya ce ba sa sassabe, a gaya musu su rage inuwa, kamar gobe zan koma in isar da saƙo. Na ba shi labarin wanda na ɗauko masa aka ƙwace, ya ce to da ka kawo me zan yi da shi, a tsakar gidan nan zan shuka? Da aka zo kan tsohuwar sai ya sa na tsayar, ya ce ita wannan fa, na faɗa masa. Ya ce har yau ba ta koma garinsu ba? Na ce ba ta koma ba. Ya ce iyayen fa, a can aka rufe su? Na ce ina jin haka ne Baba. Ya daɗe yana kallon hoton bai ce komai ba.

Tunda ba ni da abin ba shi sai na ɗauko cakulan ɗin madam na ɓare na miƙa masa. Mutumin da ya shekara ashirin yana shanya koko, ya gutsura kaɗan ya tauna ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai namijin goro ne aka sa wa kwali. Ya tambayi kuɗin, na raɗa masa a kunne, ya yi salati ya ce a zamaninsa sai ya cika kwano nawa kafin ya ga wannan. Na miƙa hannu zan karɓi sauran in kai wa mai shi, ya naɗe abinsa a takardar ya tura a aljihun gaban riga inda yake ajiye goro, ya ce in sake kunna masa wurin akwatunan nan. Madam har yau tana tambayata wai duk yawon nan da na yi ko alewa ban iya riƙo mata ba.